Modul ɗin ɓoye bayanai a kanel: mene ne shi, kuma me ya haɗa shi da dokar makamai?

Kowace kwamfuta ko waya akwai wani sashe na manhajarta da ba ka ganinsa, shi ake ce wa kanel, shi ke magana kai tsaye da memori da faifan ajiya da katin netwok, sauran manhajoji duk ta hannunsa suke bi. Linux ma kanel ne, kuma shi ne a cikin wayar Android ɗin da ke hannunka. To shi modul ɗan guntun kod ne da ake jona wa kanel ko a cire shi ba sai an sake gina komai daga tushe ba. In aka ce modul ɗin ɓoye bayanai, ana nufin lissafin da ke kulle bayanai, irin su AES ko tsohon DES, an ware shi gefe, kanel gurbi kawai ya bar masa, kamar soket a bango.

Ta fuskar aiki tsarin yana da kyau, lissafi ya tsufa a cire a sa sabo. Amma a shekarun 1990 akwai dalili na biyu, wato doka. Amurka ta sa ɓoye bayanai mai ƙarfi cikin jerin kayan yaƙi, fitar da shi ƙasar waje sai da lasisi, wanda ake bari ya fita cikin sauƙi shi ne mai gajeren makulli mai sauƙin fasawa, bit 40 kacal, shi ya sa Netscape, burauzar shiga intanet ta lokacin, wanda mutanen waje suke samu, har da mu nan, da gangan aka rage masa ƙarfi. Phil Zimmermann da ya saki manhajar ɓoye saƙonni ta PGP a 1991 sai da aka yi shekara uku ana bincikensa, a 1996 aka rufe maganar ba a gurfanar da shi ba.

Mutum zai ce to ai da sauƙi, a saki kanel daga Amurka ba lissafin komai a ciki, modul ɗin kuma a rubuta shi a wata ƙasa kowa ya sauke ya jona. Nan fa gizo ke saƙa, domin hukumomin Amurka sun ɗauki gurbin kansa a matsayin abin da doka ta hau, hujjarsu ita ce in ka bar wurin da kowa zai iya cusa makulli mai ƙarfi to da kai da wanda ya fitar da makullin duk ɗaya ne. Dalilin ke nan Microsoft ta tsara Windows yadda ba zai karɓi modul ɗin ɓoye bayanai ba sai wanda ta sa wa hannu. Mutanen Linux kuma suka bar abin gaba ɗaya a wajen kanel, ana sauke wani faci daban, wato ƙarin kod, daga sabar (kwamfutar da ake sauke abubuwa daga gare ta) da ke Norway a liƙa, Debian, ɗaya daga cikin masu haɗa Linux su rarraba, ta ajiye irin waɗannan manhajoji a sabar da ke Holan, aikin FreeS/WAN na ɓoye bayanan netwok a Linux, da aka yi a Kanada, ko layi ɗaya na kod ba ya karɓa daga Ba'amurke, OpenBSD, wata manhajar tafiyar da kwamfuta daban da Linux, ita dama can Kanada take zaune shi ya sa ta yi gabanta ba fargaba.

Ni abin da ke min ciwo shi ne lissafin nan yana cikin littattafai, mai mugun nufi da kuɗi bai taɓa rasa shi ba, talakan da ya sauke abin da aka ba shi shi aka bari a fili.

Wani masanin lissafi, Daniel Bernstein, ya kai gwamnatin Amurka kotu kan wannan doka, a 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa kod ma magana ce da tsarin mulki ya kare. A Janairun 2000 aka sassauta dokar, buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya ganin kod ɗinta, ta samu damar fita in an sanar da ma'aikatar kasuwanci, sai a 2002 tsarin ɓoye bayanai mai modul ya shiga cikin kanel ɗin Linux kansa. Amma ɓarnar ba ta tafi nan take ba, a 2015 aka gano raunin da ake kira FREAK, inda ake iya yaudarar burauza ta koma amfani da tsofaffin makullan nan masu rauni da aka ƙera don fitarwa waje, waɗanda har lokacin suna kwance cikin sabobi masu ɗimbin yawa ba wanda ya cire su.