Taku nawa ne daga masaukinka zuwa Harami?

A Makka, in ka tambayi nisan wuri, amsar da za ka fi ji ita ce "nan kusa ne". Mai nuna maka hanyar ba ƙarya yake yi ba, da ƙafarsa ya auna. Amma ƙafar saurayi da ta dattijuwa mai ciwon gwiwa ba ɗaya ba ce. Mu ma'aikatan lafiya mu ne muke ganin ƙarshen abin lokacin Umra da Hajji: bororo a tafin ƙafa, kumburin gwiwa, jiri, wani ma sai an turo shi a keke. Shi ya sa nake so kowa, baƙo da mazauni, ya san tsawon takunsa.

Awon ba wuya. Ka samu wuri mai shimfiɗe, kamar barandar masauki, ka sa alama a ƙasa. Ka yi taku 20 da irin tafiyar da ka saba, da takalmin da za ka fita da shi, ba tafiyar nuna ƙarfi ba. Dama ɗaya, hagu biyu, haka za ka ƙirga. Inda ka tsaya, a ɗauko tef irin na tela a auna. In ya ba da mita 13, ka raba da 20, takunka santimita 65 ke nan. In babu tef, akwai ƙiyasi: takun mutum yakan kai kusan kashi 41 cikin 100 na tsayinsa, wato mai tsayin santimita 170 takunsa na kusa da santimita 70. Na fi yarda da tef, domin ƙiyasin bai san kana da ciwon baya ba.

Daga nan lissafi ne kawai: yawan taku sau tsawon taku. Wayarka ta nuna taku 6,000, takunka santimita 65, ka yi mita 3,900, kilomita 4 ba kaɗan. Hajiya mai takun santimita 50 kuwa, taku 6,000 ɗin nan kilomita 3 ya kai ta. A juya lissafin: kilomita ɗaya wajen taku 1,540 ne gare ka, ita kuma 2,000 cif. Kun fito tare daga unguwar Misfala, kun isa tare, amma ita ta fi ka ɗaga ƙafa. Mai yi wa mahaifiyarsa rakiya ya riƙe wannan, ya daina ce mata "Mama, ai mun kusa" alhali bai auna da ƙafarta ba.

Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 400 ne, zuwa bakwai kuma ya kusa kilomita 3. Ga mai ƙaramin taku, sa'ayi kaɗai ya haura taku 5,000, kuma a kan daɓe, bayan an riga an yi ɗawafi. Ɗawafin ma nisansa ya danganta da inda ka yi shi: kewayen saman bene ya ninka na kusa da Ka'aba nesa ba kusa ba. Ba ina cewa a shagala da ƙirga ana cikin ibada ba, a bar wa waya wannan aikin, a duba bayan an gama.

Sai dai waya ma tana da nata. Yawancin manhajojin ƙirga taku suna fitar da kilomita ne ta hanyar ƙiyasta tsawon takunka daga tsayin da ka shigar. A cikin cunkoso kuwa taku yakan ragu sosai, mutum yana jan ƙafa ne kawai, sai wayar ta ƙara masa nisa ko ta ƙi ƙirgawa. Haka in tana cikin jakar da aka rataya a keke. Hawan tudu da gajiya su ma suna rage taku, Makka kuma gari ne na duwatsu.

Amfanin lissafin ya fi fitowa a Mina. Ka tambayi jagoranku nisan tantinku zuwa Jamarat, wurin jifan Shaiɗan, a kilomita, ka ninka biyu saboda dawowa, ka mayar da shi taku. In kilomita 3 ne, ga mai takun santimita 50 zuwa da dawowa taku 12,000 ne. Wanda a gida bai taɓa wuce 3,000 a yini ba, ya nemi keke ko ya tambayi malamai hukuncin wakilta wani ya yi masa jifa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya a rana babu inuwa.

Mai niyyar zuwa ya fara tattaki tun da sauran watanni, yana ƙara taku kaɗan-kaɗan duk mako, da takalmin da ya riga ya saba da ƙafarsa. A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, da lema da gorar ruwa. Mai ciwon suga kuma kada ya taka ƙasa ba takalmi ko da nasa ya ɓata a ƙofar masallaci, domin ƙafarsa tana iya ƙonewa bai ji ba. Duk dare ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ya ga bororo ko tsagewa ya zo asibiti kafin ya sake fita.