Yadda Matashin Ɗan Ƙwallo Yake Sabawa da Gasar Wata Ƙasa

A harkar ƙwallon ƙafa, sabo da sabuwar gasa shi ne lokacin da ɗan wasan da ya koma wata ƙasa yake ɗauka kafin ya iya nuna a fili irin bajintar da aka saye shi dominta. Yakan ɗauki wasu makonni, wasu kuma kaka guda ko biyu, akwai ma waɗanda har kwantiraginsu ya ƙare ba su saba ba. Abin ya fi tsanani ga masu shekara 18 zuwa 21, domin su a lokaci guda suke koyon sana'ar, da zaman baƙunta, da riƙe kansu ba iyaye a kusa. Ƙungiyoyi sun daɗe suna ɗora alhakin gazawa a kan halin yaron, amma tarihin 'yan wasa da yawa ya nuna cewa girman tsallen da ya yi daga tsohuwar gasa zuwa sabuwa da yawan mintocin da ake ba shi a fili sun fi komai tasiri.

Dokokin da ke tsara tafiyar

Tun kafin yaro ya taɓa ƙwallo a sabuwar ƙasa, doka ta riga ta zana masa hanya. Sashe na 19 na dokokin musayar 'yan wasa na FIFA ya hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18. An yi togaciya a wurare kaɗan: idan iyayensa ne suka yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba, ko idan gidansu da ƙungiyar duk suna cikin kilomita 50 daga iyakar ƙasashen biyu, ko kuma idan musayar tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ce kuma yaron ya kai 16. An hukunta manyan ƙungiyoyi saboda karya wannan doka, ciki har da Barcelona a 2014, da Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, da Chelsea a 2019. Shi ya sa Real Madrid ta kammala cinikin Vinicius Junior da Flamengo a 2017 amma bai iso Sifaniya ba sai a Yulin 2018.

Kafin dokar ta yi ƙarfi, yara ƙanana kan tafi. Nwankwo Kanu ya je Ajax a 1993 bayan Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Japan, Lionel Messi kuma yana da shekara 13 ya bar Rosario zuwa Barcelona.

Sai batun takardar izinin aiki, wadda kowace ƙasa take da nata tsari. Ingila ta fi tsauri. Taiwo Awoniyi ya sa hannu a Liverpool a 2015, amma rashin izinin aiki ya sa aka yi ta ba da shi aro a Jamus da Holan da Beljiyam, har aka sayar da shi ga Union Berlin a 2021 bai buga wa Liverpool wasan gasa ko ɗaya ba. Kowane aro sabuwar ƙasa ce ko sabon gari, sabon koci, sabon salo, wato sabawar ta koma farko. Tun Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ana auna baƙon ɗan wasa da maki bisa wasannin da ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito. Faransa da Sifaniya kuwa ba sa lissafa 'yan ƙasashen Afirka da suka shiga yarjejeniyar Kwatano ta 2000 da Tarayyar Turai cikin adadin baƙin da aka ƙayyade wa ƙungiya. Holan tana tilasta biyan albashi mai tsoka ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, Beljiyam kuma nata mafi ƙarancin albashin bai kai haka ba, abin da ya taimaka ta zama ƙofar da 'yan Afirka da yawa suke fara shiga.

Cikin fili

Kowace gasa da irin abin da take nema. A Firimiyar Ingila ba a ba mutum sararin tsayar da ƙwallo ya ɗaga kai, kuma alƙalan wasa kan ƙyale gogayyar jiki da a wata ƙasa za a busa. A Italiya an fi damuwa da inda ɗan wasa yake tsaye idan ƙwallo ba ta ƙafarsa, har akan shafe atisaye guda ana maimaita motsin layin baya. Ƙungiyoyin Jamus da yawa suna son a taso wa abokin hamayya da zarar ƙwallo ta kuɓuce. Yaron da ya taso yana yanka mutum uku a filin ƙasa yakan tarar cewa abin da aka fi yaba masa a gida shi ne koci yake masa faɗa a kai.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da mai kallo a talabijin ba ya lura da su. Ciyawar da aka jiƙa kafin wasa tana sa ƙwallo gudu, sai an sake koyon ƙarfin bugu da tarba. Takalmin filin laka daban yake da na busasshen fili. Yawan atisaye da ɗaga ƙarfe yakan ninka wanda jiki ya saba, kuma a wannan gaɓa ce raunin tsoka yake yawan kama sababbin zuwa. Wanda aka saya a kasuwar musayar 'yan wasa ta Janairu ya fi shan wuya, domin bai samu atisayen share fagen kaka ba, ya faɗo cikin tsakiyar hunturu, kuma galibi ƙungiyar da ta saye shi tana cikin matsin da ba ta da haƙurin jira.

Bayan an tashi daga atisaye

Atisaye awa biyu ne ko uku. Sauran yinin, matashin yana ɗaki shi kaɗai, a garin da rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar a watan Disamba. Harshe shi ne katanga ta farko: wanda bai ji umarnin koci ba zai yi kuskure, a ɗauka rashin basira ce. Saboda haka 'yan Senegal da Mali da Kodebuwa suka fi nufar Faransa da Beljiyam, 'yan Brazil kuma Fotugal. Abinci, kewar gida, da nauyin dangi masu jiran aike tun daga albashin farko, duk suna cikin lissafi. A da ƙungiyoyi kan zuba miliyoyi wajen saye, su bar ɗan wasa a otal ya nemi gida da kansa. Yanzu manyan ƙungiyoyi suna da jami'in kula da walwalar 'yan wasa, mai nemo gida da malamin harshe da buɗe asusun banki, wasu kuma sukan ajiye yaro a hannun wani iyali a garin.

Ga Musulmi akwai batun naman halal, da wurin salla, da azumi idan ya faɗo cikin kaka. A Afrilun 2021 an ɗan dakatar da wasan Leicester da Crystal Palace domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyate su sha ruwa, daga baya abin ya zama ruwan dare a Ingila. Hukumar ƙwallon Faransa kuwa ta umarci alƙalanta a 2023 da kada su tsayar da wasa saboda buɗa-baki. Wariyar launin fata ma tana nan: magoya bayan Lokomotiv Moscow sun ɗaga kyalle mai hoton ayaba lokacin da Peter Odemwingie ya bar ƙungiyar a 2010.

Ahmed Musa: mutum ɗaya, sakamako uku

Tafiyar Ahmed Musa ta isa misali, domin ta nuna cewa sabo ba hali ba ne da mutum yake da shi ko ya rasa. An haife shi a Jos a 1992. Ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da Kano Pillars, abin da ya kafa tarihi a gasar Najeriya a lokacin. VVV-Venlo ta Holan ta saye shi, amma sai da ya cika 18 a Oktoban 2010 ya samu damar buga mata. Ƙaramar ƙungiya ce mai fafutukar kauce wa faɗawa rukuni na biyu, don haka tana buƙatarsa a fili kowane mako, kuma ba baƙuwar 'yan arewa ba ce: Tijjani Babangida ya yi zaman aro a can a farkon shekarun 1990 kafin ya yi suna a Roda JC da Ajax.

A Janairun 2012 ya koma CSKA Moscow. A takarda, nan ne ya kamata abin ya gagara, ga tsananin sanyi, ga harshe mai baƙin rubutu, ga dogayen tafiye-tafiye. Amma koci Leonid Slutsky ya ba shi gurbi na dindindin, salon ƙungiyar ya dace da gudunsa, ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016.

Sai Leicester City a Yulin 2016, kan kusan fam miliyan 16. Yana jin Turanci, ya ƙware, ya riga ya zura wa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014, har ya ci Barcelona biyu a wasan share fage. Duk da haka ƙwallo biyu kawai ya ci a Firimiya a kakar. Jamie Vardy ya riƙe gurbin gaba, ana jefa Musa a gefe ko a ƙarshen wasa, kuma an kori Claudio Ranieri da ya kawo shi a Fabrairun 2017. Da aka mayar da shi CSKA aro a Janairun 2018 ya dawo da cin ƙwallo, ya je kofin duniya ya zura wa Iceland biyu.

Tsani da tsalle

Victor Osimhen ya bi hanyar ta baibai. Ya ci ƙwallo 10 a kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, ya shiga Wolfsburg a Janairun 2017, ya shafe shekara ɗaya da rabi tsakanin jinya da benci bai ga raga ba. Aron da aka ba Charleroi ta Beljiyam a 2018 ne ya farfaɗo da shi, ya ci 20 a kaka guda, daga nan Lille, sai Napoli, inda ya ci 26 a kakar 2022/2023 ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya karo na farko tun 1990. Mohamed Salah ma ya gaza samun gurbi a Chelsea bayan zuwansa daga Basel a 2014, sai da ya bi ta Fiorentina da Roma kafin ya dawo Ingila ya ci wa Liverpool 32 a Firimiya a kakarsa ta farko. Moussa Maazou na Nijar ya haskaka a Lokeren, amma komawarsa CSKA a 2009 ta zama mafarin zaman aro a Monaco da Bordeaux.

Wasu cibiyoyi sun mayar da wannan hawa daki-daki tsari. Generation Foot ta Dakar tana da alaƙa da Metz, ta nan Sadio Mane ya bi a 2011 kafin Salzburg da Southampton da Liverpool. Masu makarantar Right to Dream ta Ghana sun sayi FC Nordsjaelland ta Denmak a 2015, ana koyar da salon wasa iri ɗaya a wuraren biyu, yaro kuma yakan iso ya tarar da abokan da suka kwana ɗaki ɗaya a makaranta. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Accra inda Hausa take harshen kasuwa da titi, ya isa Nordsjaelland a 2018 da cikarsa 18, ya koma Ajax a 2020, sannan West Ham a 2023.