Farin ɓawon da ruwan pampo ke bari a kayan wuta: amsa ga masu tambaya a Maradi

Da hunturu ya kama aka fara dumama ruwan wanka, tambayoyin nan sai sun dawo. Ga amsoshinsu wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake aiko su.

Mene ne farin abin nan da ke manne a gindin butar lantarki?

Alli ne. Ruwan da aka jawo daga ƙarƙashin ƙasa yana zuwa da sinadaran kalsiyam da magneziyam a narke. In ya sha zafi, ko ya bushe, sai su fita su daskare a jikin ƙarfe.

Guba ne?

A'a. Kayan wutarka yake kashewa, ba kai ba.

To me ya sa hita ta ƙone tun ba ta je ko'ina ba?

Saboda ba ka wanke ta. Ƙarfen da ke dumama ruwa dole ya miƙa wa ruwan zafinsa. In ɓawo ya lulluɓe shi, zafin ya taru a ciki, wayar ta yi ta gasuwa har ta tsinke. Kuma ba ta mutuwa ba sallama: ruwa zai riƙa daɗewa bai tafasa ba, buta ta riƙa ƙara, wani lokaci ta kashe kanta tun ruwan bai yi ba. Mutum ya ga duk wannan ya yi shiru, ranar da ta mutu ya ce ɗan kasuwa ya sayar masa da jabu.

Da me zan wanke?

Farin binegar na miya, rabi binegar rabi ruwa, ya rufe inda ɓawon yake. A dumama, a kashe wuta, a bar shi awa guda, a zubar, a ɗauraye sau biyu, a tafasa ruwa zalla a zubar. In akwai garin tsamin lemu da ake yin lemun kwalba da shi, cokali biyu na cin abinci a lita guda ya isa, kuma ba ya barin wari. Ruwan lemun tsami ma yana yi in ɓawon bai yi kauri ba. Kan shawa da ya toshe a kwance shi a jiƙa, a bi ƴan ramukan da tsohon buroshin haƙori.

Kada a kankare da wuƙa ko soson ƙarfe. Kada a bar binegar ya kwana a tukunyar dalma. Ruwan batir mai asid kuwa kada ma a kawo shi kusa. Sannan Hajiya, ki ji wannan da kyau: ba a haɗa binegar da jabel, wato ruwan bilic da ake faranta tufafi da shi. Iskar da ke tashi daga haɗin tana ƙona huhu, musamman a bayi mai ƙofa rufe.

Haƙoran ɗana sun yi ja-ja. Wannan allin ne?

Ba shi ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi duka muhimmanci. Tabon haƙori irin wannan sau da yawa aikin sinadarin fulorayid ne in ya yi yawa a ruwa. Mutanen jihar nan sun san abin da ya faru a Tibiri, inda ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a 1985 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Fulorayid ba ya barin ɓawo, ba shi da ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara tattara shi. Kada a tada hankali, tabon haƙori yana da dalilai da yawa. A kai yaro likita, in kuma rijiyar gida ake sha a kai ruwan a auna.

In sayi na'urar tace ruwa ko a'a? Wace iri?

Nan babu amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka amsa bai ga ruwanka ba, kaya yake son sayarwa. Ruwan mai rijiyar burtsatse a tsakar gidansa a Ali Ɗan Sofo ba lallai ya zo ɗaya da na pampon wani a Bagalam ba. Fara aunawa. Akwai ƴan takardun gwaji da ake tsomawa, suna ba da lamba da ma'aunin Faransa: digiri guda daidai yake da miligiram 10 na alli a lita. In lambar ba ta kai 15 ba, riƙe kuɗinka, binegar ya ishe ka. In ta haura 30, to akwai magana. A tsakani, ya danganta da kayan da ke gidan. Ɗan alƙalamin nan mai batir da ake tsomawa a kofi yana ƙirga duk gishirin da ke ruwa ne a haɗe, ba zai gaya maka yawan alli shi kaɗai ba.

Matatar zare da ta gawayi suna kama laka da wari, alli a narke kuwa wucewarsa yake. Alif ma haka, laka yake kwantarwa. Na'urar da ke cire allin da gaske ita ce mai ƴan ƙwayoyin roba da ake wankewa da gishiri, amma tana son ruwa mai ƙarfi, tana cin gishiri a kai a kai, tana zubar da ruwa duk lokacin da take wanke kanta. In ruwa na ɗaukewa a unguwarku, ko tankinku bai da tsawo, za ta iya zama kayan ado. Mai tacewa ta siririyar fata, wadda ake kira osmos, tana cire alli har da mafi yawan fulorayid, sai dai ƙananan na gida kan zubar da lita uku ko fiye kafin su ba da lita guda, don haka ta ruwan sha ce kawai. Ƙaramin kwalban polifosfat da ake ɗaurawa kafin injin wanki ba ya cire komai, yana rage mannewar ɓawo ne, kuma ba a kan pampon sha ake sa shi ba. Maganaɗisun da ake maƙalawa a bututu, ni dai ba zan ce ka saya ba.

Ga gida mai buta da dutsen guga kawai, babu ɗayansu da ya cancanci kuɗinsa. Mai otel ko mai gidan wanki, lissafinsa daban.

Tukunyar dumama ruwa ta bayi fa?

A daidaita ta tsakanin digiri 55 da 60. Sama da haka ɓawo na taruwa da sauri, ƙasa da haka ƙwayoyin cuta na samun wurin zama. Sau ɗaya a shekara mai gyara ya zubar da ruwan, ya ciro ƙarfen dumamawa ya wanke, ya duba sandar magneziyam da ke kare tankin daga tsatsa.

Na'urar sanyaya ɗaki mai shan ruwa ta daina sanyi.

Don kullum ƙari kake yi, ba ka zubarwa. Ruwa na tashi a iska, allin na zama, har ya toshe ƙaramin injin jan ruwa, ya sandarar da tabarmar baya. A watan Afrilu da Mayu, zubar da ragowar duk kwana biyu ko uku, ka wanke tankin.

Zan iya zuba piya wata a dutsen guga da batirin sola?

Leda ba ta canza ruwa, wani na pampo ne aka tace aka ƙulle. Dutsen guga mai tururi a ba shi ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki mai gas, bayan an tace da kyalle. Batir kuwa ruwan batir marar asid da ake sayarwa don ƙari, shi kaɗai.