Ra'ayin masu falsafar tsohuwar Girka kan waƙa da wasan kwaikwayo

Wannan fanni ne na falsafa da ya taso a ƙasar Girka, musamman birnin Atina, tun wajen ƙarni na 6 zuwa na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma tambayar da ake ta juyawa a cikinsa ita ce: me waƙa da ƙagaggen labari suke yi wa zuciyar mai sauraro, gyara ta suke yi ko ɓata ta? A wajen Girkawa waƙa ta haɗa abubuwa da yawa, akwai dogayen waƙoƙin jarumta irin na Homer, akwai tirajidi wato wasan ban tausayi da ake nuna faɗuwar wani babban mutum, sai komedi wanda shine wasan barkwanci, kuma duka a baiti ake rubuta su.

Sai an san matsayin mawaƙi a garin sannan za a gane dalilin zafin muhawarar. Yaro a Atina da baitocin Homer yake koyon karatu, daga nan yake sanin alloli da jarumta da abin kunya. Wasan kwaikwayo kuma bikin addini ne na gari guda, duk shekara a bikin gunkinsu Dionisus marubuta uku ake zaɓa, kowanne ya kawo tirajidi uku da wani gajeren wasa na raha a ƙarshe, dubban mutane na zaune tun safe. Marubucin tarihi Herodotus ya kawo labarin Firinikus, wanda ya yi wasa a kan faɗuwar birnin Girkawa Miletus a hannun Farisawa a shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa, mutane suka fashe da kuka, aka ci shi tarar dirakma (kuɗinsu) 1000 saboda ya fama musu ciwo, aka kuma hana sake nuna wasan. Toh mutanen da ke cin tara a kan wasa sun san ba abin wasa bane.

Tun kafin masanin falsafa Aflatun wasu masana sun fara sukar mawaƙa. Zenofanes ya zargi mawaƙa Homer da Hesiod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, Heraklitus ma cewa yayi Homer ya cancanci a kore shi daga gasa a zane shi da bulala. Gorgiyas shi ta wani gefen ya ɓullo, yace tirajidi yaudara ce, amma wanda ya yarda aka yaudare shi ya fi wanda ya ƙi hikima.

Aflatun, wanda 'yan boko suka fi sani da Plato, ya rasu wajen shekara ta 347, kuma shine ya tsara tuhumar sosai. A ƙaramin littafinsa Ion ya sa malaminsa Sokrates yana cewa mawaƙi ba da ilimi yake waƙa ba, wani abu ne ke hawa kansa, ya kwatanta shi da dutsen maganaɗisu da ke jan zoben ƙarfe, zoben ya ja wani, wannan ma ya ja wani, tun daga mawaƙi zuwa mai rerawa har zuwa ɗan kallo, babu ko ɗaya a cikinsu da zai iya bayanin abin da ya kama shi. A littafinsa Jamhuriya kuma, kashi na 10, ya kawo misalin gado: akwai ainihin siffar gado wadda hankali kawai ke riska, kafinta ya kwaikwayi wannan ya sassaƙa nasa, mai zane kuma ya kwaikwayi na kafinta, kenan shi kwaikwayon kwaikwayo yake yi, kuma a nan ya ajiye mawaƙi. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce mimesis, ma'anarta kwaikwayo.

Amma a ganina ba misalin gadon ne ya fi damunsa ba, kukan ne. Yace mutumin kirki in ɗansa ya mutu daurewa yake yi a gaban jama'a, sai gashi ya je filin wasa ya ga jarumi yana birgima yana kururuwa, ya saki jiki yayi ta hawaye yana jin daɗi yana ce wa kansa ai masifar wani ce, alhali yana shayar da ɓangaren ransa da ya kamata ya bari ya bushe, ranar da tasa masifar ta zo ba zai iya riƙe kansa ba. Dariya ma haka, abin da za ka ji kunyar faɗa da bakinka sai ka ƙyalƙyale da dariya in wani ya faɗa a dandali. Shi yasa a birnin da ya tsara a tunaninsa yace in irin wannan gwanin mawaƙi ya zo, a karrama shi, a shafa masa turare a ka, a sa masa rawanin ulu, sannan a raka shi wani gari. Waƙar yabon alloli da ta mutanen kirki kawai ya bari. Duk da haka ya furta cewa tun yana yaro yake ƙaunar Homer, har yace in masoya waƙa za su kawo hujjar tana da amfani zai saurara da farin ciki. Mutum baya tsoron abin da bai san ƙarfinsa ba, kuma shi kansa littattafansa hira ce tsakanin mutane, kusan wasan kwaikwayo.

Akwai kuma ciwo na gida. A shekara ta 423 Aristofanes ya yi wasan barkwanci mai suna Gizagizai inda ya mai da Sokrates abin dariya, mai koya wa samari murɗa gaskiya, kuma da aka gurfanar da Sokrates a 399 aka yanke masa hukuncin kisa, Aflatun ya rubuta cewa Sokrates ya ambaci wannan wasan cikin abubuwan da suka ɓata masa suna tun da daɗewa.

Amsar ta fito ne daga ɗalibinsa Aristotle (384 zuwa 322), wanda ya shafe kusan shekara 20 a makarantarsa. Littafinsa kan fasahar waƙa ɗan ƙarami ne, babi 26, kamar takardun darasi. Ya yarda waƙa kwaikwayo ce, sai dai yace wannan ba aibi bane, ɗan Adam da kwaikwayo yake fara koyon komai tun yana yaro, kuma muna jin daɗin kallon hoton gawa ko mummunar dabba da ba za mu so gani ido da ido ba, saboda muna fahimtar wani abu. Yace waƙa ta fi tarihi kusa da falsafa, dan tarihi yana faɗin abin da wane ya yi ne, waƙa kuwa tana nuna abin da mai irin wannan hali zai iya yi a irin wannan yanayi.

Ya ƙirga wa tirajidi sassa shida, amma tsarin labari ya kira ruhinta, ya fifita shi kan halayen 'yan wasa, kayan ado da kwalliyar dandali kuwa su ya sa a ƙarshe. Jarumin kar ya zama waliyyi, dan faɗuwarsa takaici kawai za ta jawo, kar kuma ya zama mugu tsantsa, dan babu mai tausaya masa, ya zama mutum kamar mu wanda wani kuskure ya kayar, hamartiya a yarensu. Misalin da ya fi so shine wasan Oedipus na Sofokles: manzo ya zo daga Korinti da niyyar kwantar wa sarki hankali, sai maganar tasa ce ta tona cewa sarkin ya kashe ubansa ya auri uwarsa ba da sani ba, juyewar al'amari da gane gaskiya suka faɗo lokaci guda.

Sai kalmar da har yau ake gardama a kanta, katarsis. Yace tirajidi ta hanyar tausayi da tsoro tana kawo katarsis na waɗannan ji, bai kuma tsaya ya fassara ba. Wasu sun ce wankin ciki yake nufi irin na likitoci, a fitar da abin da ya taru, wasu sun ce tsarkakewa ce irin ta ibada, wasu kuma sun ce wayewar fahimta ce. Ko wanne aka ɗauka dai raddi ne ga Aflatun, wato kukan filin wasa sauƙi yake kawowa, baya raunana mutum. Ni na fi karkata ga Aristotle, amma ban ga ya kashe tambayar malaminsa gaba ɗaya ba, dan shi yana magana ne kan wasa mai kyau da aka tsara da hankali, Aflatun kuwa yana tunanin abin da jama'a ke sha kullum.

Kan barkwanci abin da ya rage kaɗan ne. Yace kwaikwayon mutanen da suka gaza mu ne, kuma abin dariya aibi ne ko muni wanda baya ciwo baya halakarwa, kamar fuskar da ɗan wasan barkwanci ke sawa, a murɗe take amma babu alamar azaba. Ya yi alkawarin ƙarin bayani, kuma masana da yawa na ganin akwai kashi na biyu na littafin da ya ɓace.

Littafin na Aristotle ya bi ta hannun malaman Bagadaza. Abu Bishr Matta, wanda ya rasu a 940 miladiyya, ya fassara shi zuwa Larabci daga Suryananci, kuma da yake Larabawa basu da dandalin wasa irin na Atina sai ya kira tirajidi madahu, komedi kuma hija'i, wato yabo da zambo. Farabi da Ibn Sina sun yi rubutu a kai, suna lissafa shi cikin littattafan manɗiƙi, Ibn Rushd na Kurɗuba kuma ya yi masa sharhi yana kawo misalai da baitocin mawaƙan Larabawa a maimakon na Girkawa. Wannan sharhin ne aka juya zuwa Latin a birnin Toledo a 1256, kuma ta nan malaman Turai suka fi sanin littafin har zuwa ƙarshen ƙarni na 15.