Zaftarewar dusar ƙanƙara

Zaftarewar dusar ƙanƙara ita ce ɓallewar tarin dusar da ta kwanta a jikin dutse, ta gangaro gaba ɗaya. Duk tsananin hunturun Zariya, Dutsen Kufena ba ya ganin dusa, amma ɗalibanmu da ke karatu a Turai da masu zuwa hawan Dutsen Toubkal na Maroko suna taka inda abin ke aukuwa.

Dusa hawa-hawa take kwanciya, kowace zuba da tata shimfiɗa. Haɗarin yana tasowa ne idan falle mai ƙwari ya hau kan shimfiɗa mai rauni, kamar a ɗora ƙyauren katako a kan shanyar gero a gangare. Raunin yakan samu idan bambancin sanyi tsakanin ƙasan dusar da samanta ya wuce digiri 10 na Salshiyos a kowace mita. Ƙwayoyin sai su zama garas-garas, ba sa manne wa juna, kuma sukan yi makonni a binne ba su gyaru ba. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya su, tsagar ta bi gangaren cikin ƙiftawar ido. Yawancin waɗanda ke mutuwa, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da zaftarewar.

Gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 ya fi zaftarewa, musamman ɓangaren da iska ke jibge dusa. Alamun da ba a rainawa su ne sabuwar dusa mai kaurin santimita 30 a kwana ɗaya, tsagewa a ƙarƙashin ƙafa, ƙarar "wuf" idan dusar ta lotsa, da ɗumi ko ruwan sama kwatsam.

Tun 1993 ƙasashen Turai ke aiki da ma'aunin haɗari mai mataki 5. Mataki na 3 ya fi cin rayuka, domin a lokacin mutane ba sa fasa fita.

Kowane matafiyi ya rataya na'urar sigina mai aiki a kilohaz 457, wadda ake gano inda mutum yake da ita idan dusa ta binne shi, ya riƙe sandar lalube da shebur na ƙarfe, a kuma tsallaka gangare ɗaya bayan ɗaya. Cikin waɗanda aka tono kafin minti 15, kusan 9 cikin 10 na rayuwa. Bayan minti 35, kusan 3 kawai, saboda shaƙewa. Don haka abokan tafiya ne za su fara tono nan take, daga ƙasa da inda sandar ta taɓa mutumin, a buɗe masa baki da hanci tukuna.