Me ake nufi da ɗora wa injin mota turbo?

Injin da bai zo da turbo ba yana shaƙar iska ne da kansa, wato idan fistan ya sauka, iskar waje ta bi ta cika silinda gwargwadon matsinta, kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) a bakin teku. Da wannan iskar ake ƙona fetur, saboda haka ita ce ke iyakance ƙarfin injin, kuma shi ya sa irin wannan mota takan rage kuzari a wuri mai tudu kamar Jos.

Turbo na'ura ce mai farfela biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke kan hanyarsa ta zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyun kuma tana cusa iska cikin injin da ƙarfi, kuma juyawar takan haura sau 100,000 a minti ɗaya. Injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar a 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motocin da ake sayar wa jama'a a Amurka, a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair.

Ɗaura na'urar ita ce aiki mafi sauƙi, wahalar tana cikin abin da ke biyo baya. Iskar da aka matse takan yi zafi, kuma injin da aka ƙera ba don turbo ba yana matse haɗin iska da fetur sosai, sau da yawa kusan 10:1 (wato haɗin ya koma kashi ɗaya cikin goma na girmansa), alhali tsofaffin injinan turbo sukan tsaya wajen 8:1. Idan zafi ya haɗu da matsi, fetur yakan fashe kafin lokacinsa, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, daga nan gasket ya ƙone ko fistan ya tsage, a ce injin ya buga.

Don haka dole a saka intakula, mai kama da lagireto, domin ta sanyaya iskar, a canza nozul da famfon mai zuwa manya, a ja bututun baƙin mai zuwa turbo da wani mai faɗi da zai mayar da shi ƙasa, sannan a saka bawul ɗin da ke karkatar da hayaƙi idan matsi ya kai iyaka. Mafi muhimmanci shi ne a sake saita kwamfutar injin ta daidaita fetur da lokacin wutar fulogi, kuma a nan ne masu neman araha suka fi yin asara. Kuloci da giya ma ba lallai su jure ƙarin ƙarfin ba.

Masu wannan sana'a sukan tsaya a ƙarin matsi na kusan rabin bar idan ba a taɓa cikin injin ba. A ganina, a garuruwa irin su Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ko wannan ma sai an yi ragi, musamman idan ba a da tabbacin ingancin fetur ɗin da ake sha.