Dokar shinge tsakanin yaro da tafkin ninƙaya

Kwanaki wani magini ya zagaya da ni wani sabon gida a GRA ta Katsina. An haƙa tafkin ninƙaya a tsakar gida, an shimfiɗa tayil mai kyau. Na tambaye shi ina shinge, sai ya nuna mini doguwar katangar gidan. Katanga kuwa ɓarawo take tsarewa. Yaron da ake jin tsoron ya faɗa ruwa a cikin gidan yake kwana, daga falo zai rarrafo.

A kan wannan ne dokar jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya ta tsaya, kuma ina ganin ta cancanci mu san ta.

Tun 1 ga Disamba 2019, duk mai tafkin ninƙaya ko kwamin wanka na ruwan ɗumi a gidansa sai ya yi masa rajista a ƙaramar hukumarsa. Ma'aunin shi ne zurfi. Duk abin wanka da zai iya ɗaukar ruwa fiye da santimita 30 sai an yi masa shinge, har da na roba da ake hura wa iska. Santimita 30 fa tsawon rular ɗan firamare ce. Ƙaramin yaro kansa yana da nauyi sosai in aka gwada da girman jikinsa, in ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu, shiru yake nutsewa cikin 'yan daƙiƙu.

Bayan rajista sai duba. Kowace shekara 4 maigida zai kira jami'i mai lasisi, kamar dai duba-garinmu na da, ya auna shingen. Tsayinsa kada ya gaza mita 1.2. Ratar da ke tsakanin sanduna, da wadda ke ƙarƙashinsa, kada ta wuce santimita 10. Kada a bar abin takawa kusa da shi, tukunyar fure ce ko kujera ko reshen bishiya. Amma inda aka fi zuba ido shi ne ƙofa. Waje za ta riƙa buɗewa, ba wajen ruwa ba, domin yaro tura ƙofa yake yi. Sannan ta rufe kanta, sakatar ta faɗa da kanta ko da kaɗan aka buɗe ta, kuma sakatar tana sama, kimanin mita 1.5, inda hannunsa ba zai kai ba. Wannan sharaɗi ya fi burge ni, don bai dogara da tunanin kowa ba. Uwa na iya mantawa, 'yar aiki na iya mantawa, baƙo bai ma san da zancen ba.

In komai ya yi daidai, jami'in zai ba da takardar shaida, a kai wa ƙaramar hukuma cikin kwana 30. In da gyara, yana iya ba da wa'adin da bai wuce kwana 60 ba. Wanda ya ƙi, tara ce.

Faransa ma ta yi tata dokar a 2003, inda tarar ta kai Yuro 45,000. A Amurka, dokar 2007 ta tilasta wa wuraren ninƙaya na jama'a sa murfi na musamman a bakin magudanar ruwa, bayan ƙarfin injin da ke zuƙar ruwa ta magudanar ya riƙe wata yarinya 'yar shekara 7 a ƙarƙashin ruwa ta rasu.

Za a ce mu nawa ke da irin wannan tafki a Katsina ko Daura. Kaɗan ne, gaskiya. To, a ɗauki ma'aunin santimita 30 ɗin a zagaya gida da shi. Ga rijiya mai ruɓaɓɓen murfi, ga tankin ƙasa da magina ke bari a buɗe, ga ramin shadda da ruwan Agusta ya cika, ga baho da durom da aka tara ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kimanin 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ina roƙon hukumar tsara birane ta jiharmu, duk taswirar gini da aka kawo da tafki ko tankin ƙasa, kada a sa mata hannu sai an ga shinge da murfi mai kwaɗo a cikin zanen. Maginin nan dai ya yi mini alkawarin zai yi wa maigidan magana kafin iyali su tare.